Ku Horar Da Abokin Ɗaki, Ku Daina Barinsa Da Kayan Da Ya Fi Ƙarfinsa

Mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane a jami'a, ko kuwa kai ne ɗalibin, ina so ka amsa wa kanka wata tambaya tsakaninka da Allah. Ranar da duniya ta yi wa ɗalibi zafi, aka kafe sakamakon jarrabawa ya ga ya faɗi kwas uku, kuɗin rajista bai haɗu ba, barci ya ƙaurace wa idonsa har ƙarfe biyun dare, wa yake fara buɗe wa cikinsa? Uwarsa tana Gumel ko Argungu, ba ya son ya ɗaga mata hankali. Ubansa hatsi ya sayar ya biya kuɗin makaranta, da wane baki zai ce masa karatu ya gagara? Ofishin ba da shawara, in ma akwai shi, an garƙame shi tun ƙarfe huɗu na yamma. Wanda ya rage shi ne na kwance a gadon sama ko a katifar gefe, yaro ɗan shekara ashirin kamarsa, wanda shi ma yake fama da tasa damuwar.

Wannan yaron, ko wannan yarinyar, shi ne ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa na farko a kowace jami'a ta ƙasar nan, mun yarda ko mun ƙi. Tun daga Samaru har Dundaye, tun daga titin Gwarzo har Maiduguri, yana kan aikin a daren nan da kake karanta wannan rubutu. Ba wanda ya koya masa abin da zai faɗa, ba wanda ya gaya masa inda zai kai wanda ya fi ƙarfinsa, ba kuma mai tambayarsa yadda shi ya kwana. Ƙin horar da shi sakaci ne. Horar da shi na kwana biyu a tafi a bar shi da kayan kuwa zalunci ne. Da masu yin na farkon da masu yin na biyun, duka ina da magana da su.

Mu fara da lissafi, don kada a ce son zuciya ne. Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 200. Likitocin ƙwaƙwalwa da suka rage a cikinta, bisa alƙaluman da ƙungiyarsu ke yawan ambata, ba su kai 300 ba, kuma jirgi bai daina kwasar su zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya ba. A Arewa, in aka cire asibitin Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, sai sassan da ke cikin asibitocin koyarwa irin na Shika da na Malam Aminu Kano, da 'yan tsirarun da jihohi ke riƙe da su. Alhali binciken masana ya daɗe da nuna cewa kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna fara tsiro kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin a kai shekara 25. Shekarun jami'a ke nan daidai. Wato mun tara matasa dubu-dubu a wuri guda, nesa da iyayensu, a daidai shekarun da ciwon damuwa da na fargaba da taɓin hankali suka fi bayyana, sannan muna jiran likitan da babu shi ya zo ya gano su ɗaya bayan ɗaya.

Ka ɗora a kan wannan abin da ɗalibinmu ya sha a 'yan shekarun nan. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara. Na 2022 ya faro ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Da aka dawo, aka matse zangon karatu, aka cusa wa yara karatun wata huɗu a cikin makonni. A 2023 aka cire tallafin man fetur, jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista. Ɗalibin da ke cin abinci sau ɗaya a yini, yana kwana su takwas a ɗakin mutum huɗu, ba ya bukatar wata ƙaddara ta dabam kafin zuciyarsa ta karye. Mai neman mafaka kuwa, kasuwarta a buɗe take. Binciken da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya ya gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu da ƙwayoyi dangin tiramol. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Kada ka ɗauka duk wanda ya kama kwalba shaƙiyanci ne ya kai shi. Da yawa barci suke nema, ko sa'a biyu ta hutu daga tunani.

Masu adawa na farko su ne masu cewa: yaro ne zai yi wa yaro magani? Wannan aikin ƙwararru ne, kada a mai da lafiyar mutane wasan yara. Maganarsu tana da ƙamshin hikima, kuma sau da yawa daga bakin masu ilimi take fitowa. Amsata gare su tana Harare, babban birnin Zimbabuwe. A can wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya duba ya ga su goma sha 'yan kai ne a duk ƙasar. Ya sha ba da labarin wata majinyaciyarsa da ta halaka kanta a ƙauyensu saboda iyalinta ba su da kuɗin motar da za su kawo ta wurinsa. A 2006, a unguwar Mbare, ya tara tsofaffin mata goma sha huɗu masu aikin lafiya na sa-kai, ya koya musu yadda ake sauraron mai damuwa, da yadda ake taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye musu bencin katako a harabar asibiti. Sunan shirin ke nan, Bencin Abota. Ciwon ma ba su kira shi da sunan asibiti ba. Da harshen Shona suka kira shi kufungisisa, ma'ana yawan tunani, kalmar da kowane Bahaushe zai gane nan take.

An gwada abin gwaji na ilimi, aka buga sakamakon a mujallar JAMA ta likitocin Amurka a 2016. Mutum 573 ne daga ƙananan asibitoci 24. Bayan wata shida, cikin waɗanda suka yi zama shida a benci, kimanin kashi 14 cikin ɗari ne suka rage da alamun ciwon damuwa. Cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kuwa, kashi 50 ne. Tsofaffin nan ba su da digiri, horon da aka ba su ma bai kai mako biyu ba. Daga baya shirin ya buɗe reshen matasa, inda ɗaliban jami'a ke zama a bencin. To, in tsohuwar da ba ta shiga ajin jami'a ba ta iya, me zai hana ɗalibin aji uku a sashen aikin jinya, ko nazarin zamantakewa, ko ma injiniya, in dai an zaɓe shi da kyau an koya masa?

Ba sai mun je Harare ba ma. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Nijeriya, tun a 1954 ya fito da tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle majinyata a bayan katanga, sai a sauke su a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, su riƙa zuwa asibiti da rana suna komawa cikin jama'a da yamma. Duniya ta zo ta koya a wurinsa, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Ingila kuma, tun 1970 aka kafa layin tarho na dare mai suna Nightline a Jami'ar Essex, ɗalibai ne ke kwana a kansa suna sauraron 'yan'uwansu, kuma jami'o'i da yawa suka kwaikaya. Abin da aka gwada shekara hamsin a wani wuri, aka gwada tushensa shekara saba'in a ƙasarmu, bai kamata a riƙa kallonsa kamar baƙon aljani ba.

Sai dai akwai abin da masu adawar nan suka kasa gani, wanda ya fi duk waɗannan hujjoji nauyi. Suna magana kamar ana neman izininsu ne kafin ɗalibai su fara taimakon juna. Ai an riga an fara. Abin da ya rage a yanke shi ne ko a bar su su ci gaba da yi da ka, ko a koya musu. Dubi abin da abokin da ba a horar ba yake yi, da kyakkyawar niyya kuwa. Zai ce yi haƙuri, kowa da irin tasa. Zai ce haba namiji, ka cika raki. Za ta ce ke dai kin fiye sa abu a rai. In abin ya ƙi, a je kemis a sayo maganin barci ba da takardar likita ba, ko a miƙo rabin ƙwaya a ce tana sa karatu ya zauna. Mafi muni, labarin ya faɗa zauren WhatsApp na aji kafin gari ya waye, a laƙaba wa mutum sunan da zai bi shi har ranar yaye ɗalibai. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya sake buɗe baki, waɗanda suka gani ma sun ɗauki darasi.

Wanda aka horar kuwa abubuwa kaɗan ya sani, amma su ne masu ceton rai. Ya san cewa baƙin cikin kwana biyu bayan faɗuwa jarrabawa dabam yake da wanda ya haura mako biyu yana nan daram, mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da, ya daina zuwa lakca, ya daina wanka, barci da cin abinci suka rikice, yana ta cewa shi ba shi da amfani. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma ba wanda ke ganin fuskar nan safe da yamma kamar abokin ɗaki. Ya san yadda ake zama a yi shiru a saurara, ba tare da katse mutum da wa'azi ko da labarin kai ba. Ya san cewa wanda ya yi kwana uku ba barci, yana ta zuba magana ba birki, yana rabon kuɗin rajistarsa, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, asibiti yake bukata a yau ɗin nan. Ya san cewa ruɗewar da ta zo tare da zazzaɓi mai zafi ko sanƙarewar wuya tana iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, ko sanƙarau, don haka ba a tsayawa hira. Jagorar agajin gaggawa na zuciya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 a kan ginshiƙi uku ta tsaya: ka duba, ka saurara, ka sada mutum da inda za a taimake shi. Babu rubuta magani a ciki, babu yanke wa mutum sunan cuta.

Akwai kuma tambayar da kowa ke tsoro. In abokinka ya fara cewa gara ma a ce ba shi a duniya, ko ya fara raba kayansa, ko yana neman yafiya ba gaira ba dalili, ka tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa: kana tunanin kashe kanka ne? Mutane suna ɗauka tambayar tana dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. An bincika, an sake bincikawa, ba ta dasawa. Sau da yawa ma sauƙi take kawowa, domin mutum ya sami wanda bai firgita ya gudu ba. In ya ce e, ba a barinsa shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a daren, a sanar da babba. Sama da mutum dubu 700 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara a duniya, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke matasa masu shekara 15 zuwa 29. Wannan ilimin bai fi a koyar da shi a yini ɗaya ba. Ka gaya mini dalilin da zai sa a ɓoye shi ga mutanen da suka fi kowa kusa da inda abin ke faruwa.

Masu adawa na biyu sun fi yawa a gidajenmu. Su ne masu cewa duk wannan abin Turawa ne, mai imani ba ya ciwon damuwa, wanda ya riƙe salla da azkar ba ruwansa da likitan ƙwaƙwalwa. Ina girmama niyyarsu, amma tarihinmu bai goyi bayansu ba. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiran ta. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malami Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafin Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya bambanta baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya danganta na biyun da jiki, ya ce yana bukatar magani. Ya kuma yi bayanin cewa wanda damuwa ta rufe yana bukatar wani daga waje ya yi masa magana, domin tunaninsa a lokacin ba ya isar sa. Wane Bature ne ya koya masa?

Ba ina cewa a ajiye addu'a ba ne, kuma duk shirin da ya shigo jami'ar Arewa yana yi wa masallaci da coci kallon abokan gaba ya mutu tun kafin a haife shi. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada a Ibadan da Kumasi, suka haɗa masu maganin gargajiya da na addini da ma'aikatan asibiti wajen kula da masu taɓin hankali. Sakamakon da aka buga a mujallar Lancet a 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa kulawar haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Darasin a fili yake. Shugabannin MSSN da na ƙungiyoyin ɗalibai Kirista, da masu jan salla a masallatan ɗakunan kwana, da amirorin 'yan'uwa mata, su ne ya kamata su cika sahun gaba a ajin horon, domin wurinsu ake fara kai wanda ya rikice. Abin da nake yaƙi da shi shi ne a danne yarinya mako uku ana ruƙiyya, ana bugu wai aljani ake bugu, alhali ciwon da ke jikinta yana da magani a asibitin da bai fi tafiyar awa ɗaya ba. A yi addu'a a cikin motar da ke kai ta.

Wata damuwar kuma gaskiya ce tsantsa, ba na musun ta: asiri. Bahaushe yana tsoron tonon silili fiye da ciwo, musamman 'ya mace, wadda kalma ɗaya za ta iya ɓata mata maganar aure. In ɗalibi ya ji cewa mai sauraronsa ɗan ajinsu ne, dole ya yi ɗari-ɗari. Saboda haka ba kowa ake ɗauka ba. Mai surutu, mai neman suna, mai harin kujerar ƙungiyar ɗalibai, duk a sallame su da godiya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wanda ya fasa amana sau ɗaya a cire shi a ranar. Mace ta sami mace, namiji ya sami namiji, kowa kuma ya sami damar zaɓar wanda ba ɗan sashensu ba. Amma a gaya wa mai zuwa tun a zaman farko cewa amanar tana da iyaka ɗaya: in rai na cikin haɗari, za a sanar da wanda zai iya ceto. Wanda ya rantse wa abokinsa cewa ba zai gaya wa kowa ba, sannan aka wayi gari da gawa, zai ɗauki wannan nauyin har kabarinsa.

Doka ma tana da hannu a cikin shirun nan. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa ga dokar Turawan mulki ta 1916, kuma ci gaba ne babba. Amma ba ta taɓa sashe na 231 na tsohon kundin Penal Code da Arewa ta gada tun 1960 ba, wanda ya mai da yunƙurin kashe kai laifin da ke iya jawo ɗaurin shekara ɗaya, ko takwaransa na Kudu, sashe na 327 na Criminal Code. Ka yi tunanin ɗalibin da ya tarar da abokinsa a wannan hali, yana lissafin ko kiran masu gadi zai jawo 'yan sanda. Kowace jami'a tana iya rubuta wa kanta ƙa'ida, ta kafe a kowane ɗakin kwana, cewa wanda ya kawo rahoton irin wannan da wanda aka kawo, asibiti za a kai su, ba za su ga kwamitin ladabtarwa ba. Wannan bai bukatar ko kwabo.

Yanzu bari in juyo kan waɗanda suke ganin muna tare, domin su ne suka fi ba ni tsoro. Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, za ka ga an buga riguna, an yi tattaki daga babbar ƙofa zuwa ginin majalisar jami'a, an yi jawabi, an ɗauki hoto. Wani lokaci a tara ɗalibai talatin a yi musu bita ta kwana biyu, a ba su takardar shaida, a naɗa su jakadu. Daga nan shi ke nan. Mahukunta sun sami abin rubutawa a rahoton shekara, ƙungiyar da ta kawo kuɗin ta sami hotunan da za ta aika wa masu ba ta tallafi, yaran kuma an bar su da lambobin wayarsu a hannun jama'a. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Ƙarfe ukun dare wata za ta kira jakadiya tana kuka ta ce an yi mata fyaɗe, ko wani malami ya ce sai ta ba da kanta za ta ci kwas. Jakadiyar 'yar shekara goma sha tara ce, tana da jarrabawa da safe. Wa za ta kira?

In babu amsar wannan tambaya, to wallahi gara ba a fara ba. Tsofaffin Harare ba su yi nasara don tsufansu kaɗai ba. Akwai masu duba aikinsu, akwai ma'aikatan jinya da likita a bayansu, akwai hanyar miƙa wanda ya fi ƙarfinsu. Masu son kwaikwayo sukan ɗauki bencin su manta da asibitin da ke bayansa. Taimakon ɗalibi ga ɗalibi tsani ne zuwa wurin ƙwararre, kuma tsanin da ba a jingina shi da komai ba, da mai hawa da mai riƙewa duk ƙasa za su yi. Jami'ar da ta kafa irin wannan shiri don ta huta da ɗaukar ma'aikata, ta sani cewa aikin da ya kamata ta biya albashi a kansa ne ta ɗora wa yaran mutane kyauta.

Abin da ake bukata ba shi da tsada, sai dai yana son a dage. Ƙwararre guda mai suna da lambar waya, wanda zai zauna da masu sauraron nan duk mako ko mako biyu, ya ji abin da suka ci karo da shi, ya gyara musu, ya kuma lura da wanda ya fara gajiya a cikinsu. Ma'aikacin jinya a asibitin makaranta da aka horar da tsarin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi tun 2008 domin ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba su iya kula da ciwon damuwa da makamantansa. Mota mai mai a ciki da dare. Yarjejeniya a rubuce da asibitin koyarwa ko na ƙwaƙwalwa mafi kusa. Jadawalin karɓa-karɓa, don kada mutum ɗaya ya zama rijiyar da kowa ke zuba wa damuwarsa, tare da 'yancin ajiye aikin lokacin jarrabawa ba tare da jin kunya ba. Kuma tunda ɗalibi baƙo ne, shekara huɗu ko biyar ya tafi, dole a riƙa horar da sababbi kowace shekara, in ba haka ba shirin zai bi waɗanda suka kafa shi zuwa hidimar ƙasa. Ƙungiyoyi irin su MANI, da She Writes Woman ta Hauwa Ojeifo, da gidauniyar Asido ta Dakta Jibril Abdulmalik mai rassa a jami'o'i, sun tara gogewa a wannan fage, ana iya neman su. Amma baƙo ba ya riƙe gida, jami'a ce za ta riƙe.

Sannan a duba dokokin karatu. Ɗalibin da ya karya ƙafa yana kawo takardar likita a ɗage masa zango, ba mai ce masa komai. Wanda ciwon damuwa ya kwantar kuwa sau da yawa shiru yake yi, sifili ya taru, a kore shi a matsayin daƙiƙi. Ina amfanin abokinka ya lallashe ka ka je asibiti, in takardar asibitin ba za ta hana a kore ka ba?

Kai uba, ke uwa, in yaronku ya dawo hutu, bayan tambayar sakamako ku tambaye shi da wa yake kwana a ɗaki, ku karɓi lambar abokin, ku gaisa da shi, ku ce masa in ya ga wani canji ya kira ku ko ƙarfe nawa ne, kuma ba za ku yi faɗa ba. In ya kira ɗin, kada ku ce sharri ne ko sammu, ku hau mota. Kai kuma ɗalibin da ka riga ka zama wurin kukan abokanka ba tare da kowa ya naɗa ka ba, ka sani ba a ɗora maka warkar da kowa ba. In ka ga barcinka ya fara lalacewa, karatunka ya fara zamewa saboda damuwar wani, lokacin miƙa shi gaba ya yi, kuma yin haka ba cin amana ba ne.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, da wakilan aji, da shugabannin ɗakunan kwana, ku haɗa kai ku je ofishin shugaban sashen harkokin ɗalibai tun farkon zango. Ku tambaye shi ƙwararrun masu ba da shawara nawa jami'ar ke biya albashi, da lambar da za a kira ƙarfe biyun dare a ɗauka, da sunan wanda zai riƙa duba ɗaliban da za a horar. In aka ce ku dawo gobe, ku rubuta ranar, ku koma da wakilan ɗakunan mata da na maza, ku nemi a ba ku amsar a rubuce kafin a kafe jadawalin jarrabawa.